Kujera ta Bakwai

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Anti da yara. Ya ƙafar Inna, ta daina kumbura? Ni lafiyata lau, sai mura da na kwasa a mota, ita ma ta yi sauƙi. Direban motar albasa ya ce duk Laraba yana bi ta bakin titinmu, shi zan riƙa ba takarda tunda waya ba ta kamawa a gida. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta.

Yaya, karatun da kuka turo ni ashe wasa ne. Wallahi wasa. Ni na ɗauka za a koya mana yadda za mu kai ƙarar mutanen sama a kan madatsar da suka yi suka tare mana ruwa. Sai aka kai mu wani ɗaki mai sanyi, kwamfuta goma sha biyu a jere, kowace kujera da lamba a bayanta. A fuskar kwamfutar akwai rafi, akwai gonaki, akwai madatsa can sama da ƙofar ruwa, har shanu ƙanana kamar ƙudaje suna tafiya. Kowa da gonarsa da yawan mutanen gidansa. Kai za ka zaɓi abin da za ka shuka da ruwan da za ka ja. Akwai wurin rubuta wa maƙwabci magana. Akwai kuma wani jan maɓalli, in ka danna ka fasa madatsa ke nan. Minti ashirin shekara guda ce. Kafin azahar mun ci shekara takwas, na fito jiri yana ɗibana.

Mai koya mana wata mata ce mai gilashi, Malama muke ce mata, ba ta ɗaga murya. Ta ce gara mu yi faɗanmu a nan inda ba a zubar da jini, mu ga ƙarshensa, sannan mu koma gida.

Ka san wa mutanen sama suka turo? Ɗan mai madatsa, wannan dogon da ya taɓa koro mana awaki da jifa. Dogo kowa ke ce masa. To Malama ta ce kowa zai zauna a kujerar abokin faɗansa. Ni aka ba kujera ta ɗaya, ni ce mai madatsa, ƙofar ruwa a hannuna. Shi aka tura shi ta shida, can ƙasa. Ya leƙo ta bayan mutane ya ce, "Ranki ya daɗe, a taimaka wa talaka da ɗan ruwa." Na ce ya je ya tambayi babansa. Har Malama ta yi dariya.

Ga abin da ba na so ka faɗa wa kowa. Da shekarar fari ta zo a wasan, na ga ruwan madatsa yana sauka, na ga mutum goma sha huɗu a gidana na wasa, sai na rufe ƙofar. Ba wanda ya sa ni. Hannuna ne kawai ya tafi. Na yini ina jin kunya.

Mu shida ne a ɗakin. Daga kujera ta takwas zuwa sha biyu makiyaya ne da masunta, suna wasu garuruwa, ta intanet suke wasa da mu, ba ma ganinsu. Ta bakwai ma ba kowa a kai amma tana wasa, ina jin shi ma yana wani garin. Mutumin kirki ne, ko da na rufe ruwa bai zage ni ba.

Yaya, na ji abin da kake cewa kafin in taho. Don Allah kar ka taɓa madatsar nan. Malama ta ce in mun gama wata uku za a zaunar da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, Inna da jiki. Laraba biyu ke nan direba yana miƙo mini hannu ba komai. Ni ƙalau nake, ina ci ina sha, sai dai barci ya rage.

Zan faɗa maka wata magana, ka karanta a zaune.

Rafin da ke cikin kwamfutar namu ne. Da ban lura ba saboda daga sama aka zana shi, ni kuma ban taɓa ganin gida daga sama ba. Dogo ne ya nuna mini. Ya ce, "Ke ba ki ga gwiwar rafi ba? Ga dutsen da mata ke wanki." Na bi da yatsa ina ƙirga gonaki har ƙasa. Ta ƙarshe, mai siffar takalmi, wadda ruwa ke isa a makare, ita ce ta bakwai. Gonarmu ce.

Daga nan na fara kallon yadda mai kujera ta bakwai ke noma. Yana fara dasa barkono kafin albasa. Wa ke yin haka a duk rafin nan in ba mutum ɗaya ba? Yana barin kunya biyu a bakin hanya ba shuka, don shanu su wuce. In makiyayi ya rubuto masa magana mai zafi, sai ya amsa, "A bar ta ta kwana." Na ce a raina ai mutane da yawa suna faɗin haka. Mutanen gidansa tara ne. Na ƙirga mu kafin Gwaggo ta koma wajen ɗanta, kafin kuma abin da ya faru bara. Tara.

Ran Litinin aka yi shekarar fari. Na rage ruwa. Sai magana ta fito a gabana daga ta bakwai: "Mutumina, albasa ta fara kwanciya. Bana gefen Inna zan bari." Yaya, gefen Inna. Wa ya san haka muke kiran wannan ɓangaren gonar in ba 'yan gidanmu ba? Ko Dogo na tambaya, ya ce bai taɓa ji ba.

Na tashi na je na tsaya a bayan kujerar. An tura ta ciki, ƙura a kan maɓallan, ba alamar yatsa. Amma fuskar kwamfutar a kunne take, 'yar kibiyar tana tafiya ita kaɗai. Ta je kan gefen Inna, ta tsaya, ta daɗe, kamar mai tunani. Sannan ta cire shukar.

Malama ta yi tafiya sai mako mai zuwa. Na tambayi mai gyaran wayoyin ɗakin, na ce mai kujera ta bakwai a wane gari yake? Ya duba nasa allon ya ce, "Ba kowa a wannan layin." Ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Ni na ga an ɗauki Baba an fita da shi, na san abin da na gani. Amma Baba yana nan, Yaya. Da safe in an kunna, shi ke fara gaida kowa. "Kun tashi lafiya?" Jiya na amsa masa da baki, mutane suka juyo suna kallona.

Ka rubuto mini ko layi biyu ne.

Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Antinki ce ke rubutawa, ni nake faɗa. Muna lafiya. Ƙafar Inna ta sauka, sai dai tun da aka karanta takardarki ta biyu ba ta ci abin kirki ba. Takardun biyu tare suka iso, direba ya manta ta farkon a aljihun mota.

Auta, me ya same ki? Mun tura ki da hankalinki. Baba ya rasu, ni na sa shi a kabari da hannuna. Ki daina wannan magana, kar ki yi ta a gaban ɗan mutanen can, su je su ce 'yar gidanmu ta taɓu. Inna ta ce ki riƙa addu'a kafin ki shiga ɗakin, ki daina kallon abin da yawa. In bai daina ba ki hau mota ki dawo. Antinki ta ce in gaya miki sanyin ɗakin ne ya shige ki, ni ban ce ba.

Kuma na ji kin rufe ruwa. Wata ɗaya da su har kin koyi halinsu.

Yanzu ga maganar gaske. Rafi ya tsaya. Daga dutsen wanki zuwa ƙasa yashi ne, yara suna ƙwallo a ciki. Albasa ta kwanta, barkono yana zubar da fure. Na aika sama sau biyu, sun ce babu. Mu goma sha ɗaya mun yi magana. In Asabar ta ƙarshen wata ta zo ba su buɗe ba, za mu hau da diga da fartanya da rana tsaka, kowa yana gani. Sun ji, an ce su ma sun yanko sanduna. Wata uku na Malamarki albasa ba ta san shi ba.

Ke yarinya ce lokacin, ba za ki tuna ba. Duk shekarar da ruwa ya yi ƙasa, Baba kan wasa fartanyarsa a tsakar gida, yana faɗa har maƙwabta su ji, ya saɓa ta a kafaɗa ya hau sama shi kaɗai. Kafin kwana biyu ruwa ya sauko. Tsoronsa suke ji. Da ya mutu ne suka raina mu. Da yana raye da tuni ya fasa ta. Tunda kin ce yana wajenki, ki tambaye shi.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ka ce wa Inna ta ci abinci, lafiyata lau, ban taɓu ba. Ka sa Anti ta karanta wannan a hankali, kar ta tsallake komai, don na san halinta in takarda ta yi tsawo.

Malama ta dawo, na tare ta a bakin ƙofa. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ka tuna shekara uku da suka wuce, wasu baƙi suka zo da 'yar na'urar ɗaukar magana, Baba ya yi kwana biyu da su a ƙarƙashin mangwaro, kai kana faɗa wai sun hana shi ban ruwa? Su ne. Tambaya ɗari biyu da wani abu suka yi masa. In ruwa ya ragu me za ka yi, in an rufe fa, in shanu sun shiga fa, in shekara biyu a jere fa. Duk abin da ya ce suka zuba a cikin wasan. In kujera ba mai zama, sai kwamfuta ta yi wasa da amsoshin mai gonar. Haka suke yi a ko'ina.

Na ce mata ya rasu bara. Ta cire gilashinta. Ta ce ba wanda ya gaya musu. Ta ce ta tuna shi, shi ne wanda ya ce a kashe na'ura zai yi tari.

To ka ga ba aljani ba ne. Amma ni bai rage mini komai ba, Yaya. Da na san dalilin ma sai na fi jin tsoro, ban san me ya sa ba.

Ka ce in tambaye shi. Ba a tambayarsa da baki, ba ya amsa sai abin da aka riga aka tambaye shi. Sai na yi dabara. Ran Alhamis da rana ana barin mu mu yi wasa yadda muka ga dama. Na roƙi Dogo ya zauna, sauran suka tafi cin abinci. Na ce zan rufe ƙofar ruwa ruf, ba zan buɗe ba, in ga shekara nawa Baba zai yi kafin ya danna jan maɓallin. Na so ya danna. Na so in rubuto maka in ce ka yi gaskiya.

Shekara ta farko ya bar gefen Inna. Ya rubuto, "Mutumina, zan hau mu zauna." Ban amsa ba.

Shekara ta biyu Dogo ya kasa daurewa. Ya ce, "Kai, wannan zalunci ne," ya danna. Ɗan mai madatsa, Yaya, shi ya fasa madatsar ubansa. Na ga abin da ya biyo baya da idona. Ruwan ya sauko gaba ɗaya, ya kwashe shukar kujera ta biyu da ta uku, ya wuce a yini guda, kafin ya kai ƙasa yashi ya shanye rabinsa. Aka cire mutum ɗaya daga gidana, ɗaya daga gidan Dogo. Malama ta ce wannan lissafin faɗa ne, daga abin da ya faru a wasu rafukan suka samo shi. Dogo ya riƙe kai ya ce, "Ashe haka kuke ji a can ƙasa." Na ce ya janye hannunsa, muka koma farko, ya zauna yana kallo kawai.

Na sake rufewa. Shekara ɗaya, biyu, uku. Baba ya sayar da awaki. Ya rage gona ta koma rabi. Duk shekara magana ɗaya, zan hau mu zauna. A ta huɗu mutanen gidan suka koma bakwai. Malama ta taɓa ce mana ba mutuwa ba ce, tafiya suke yi neman abinci. Amma kwamfutar ba ta faɗin inda suka je, lambar ce kawai ke sauka. Ina kallo ina cewa wannan kai ne da Anti. A ta biyar, huɗu. 'Yar kibiyar ta bi ta kan jan maɓallin, na ga ta bi ta kai, ta wuce ta je ta dasa barkono kunya uku. Dogo ya ce, "Auta, ya isa haka." Na ce saura kaɗan. A ta shida, mutum ɗaya ya rage a gidan. Ya rubuto, "Mutumina, ko kana fushi da ni ne? Zan hau mu zauna."

A ta bakwai gonar ta yi toka-toka, lambar ta koma sifiri. Kibiyar ta tsaya a tsakiyar allo ba ta ƙara motsi ba.

Ni na yi wannan, da hannuna. Na tashi na fita daga ɗakin.

Washegari aka kunna, komai ya dawo kore, mutum tara. Ya ce, "Kun tashi lafiya?" Bai san na yi masa komai ba.

Na roƙi Malama ta duba mini takardar tambayoyin. An tambaye shi kai tsaye, a wane hali za ka fasa? Ta karanta mini amsarsa. Ya ce, "Ni da zan kwana a ƙasan ruwan? Ai faɗan da nake yi a gida don yara ne, su ga ubansu ya yi wani abu."

Yaya, ban ce ka ji maganata ba, ni ƙaramar ce. Wannan tasa ce. Malama kuma ta ce tunda ya rasu, ku za ku faɗa, ko a cire shi daga kujerar, ko a zo a ɗauki taka maganar a sa a madadinsa, tunda kai ne mai gonar yanzu.

Asabar ɗin saura kwana uku. Zan ba direba takardar nan a hannu, in sa ya rantse ba zai sa ta a aljihun mota ba.

Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau. Ku fa?

Asabar ta wuce da kwana huɗu. Yau Laraba na tsaya a bakin titi tun safe, motar albasa ba ta zo ba. Wani mai shago ya ce ya ji ta lalace a hanya. Wani kuma ya ce ba albasar ɗauka ne shi ya sa. Wannan takardar ban san wa zan ba ba, ina rubutawa ne kawai don hannuna ya samu abin yi.

Dogo ma ba a aiko masa ba. Shi ma ya rubuta wa babansa a motar da ta ɗauki tawa. Da muna tsokanar juna, yanzu ba ma iya haɗa ido. Jiya ya ajiye mini lemo a kan tebur. Na kasa sha. Ina ta tunani, in wani abu ya faru, wanne ne a cikinmu zai fara ji, kuma me zai ce wa ɗayan.

Wasan yana ci gaba. An kawo sabbin mutane a layin makiyaya, akwai wani mai zafin kai a kujera ta tara, jiya ya zagi Baba a kan hanyar shanu. Baba ya ce a bar ta ta kwana. Na rubuta wa mutumin na ce ya ji kunya, dattijo ne. Ya ce dattijon ina?

Yanzu ba na iya rufe ƙofar ruwa ko kaɗan. Malama ta ce wannan ma kuskure ne, in na saki duka gidana na sama zai mutu, dole in koyi rabawa. Na sani. Amma da na kai hannu sai in ga kujerar nan a gefen idona.

Mai gyaran wayoyi ya ga ina yawan tsayawa a wajen, ya ce ko ya kashe fuskar kwamfutar, wasan zai tafi ko ba ita. Na ce ya bari. Na goge ƙurar maɓallan da bakin mayafina.

Ɗazu da aka fara, Baba ya gaida kowa, sai ya rubuto mini abin da ban taɓa gani ba. "Mutumina, ya yaran?" Malama ta ce yana cikin amsoshin, ba safai yake fitowa ba. Na zauna ina kallonsa har shekarar ta wuce ban shuka komai ba. Me zan ce masa, Yaya? Ya yaran?

Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Na fara da wannan don Antinki ta ce in ban fara da shi ba ba za ta rubuta ba. Ba wanda aka taɓa. Inna tana ci. Mota ce ta karye, kwana tara tana wajen makaniki. Da aka gyara ta ne takardarki ta ƙarshe ta iso.

Takardarki doguwa ta iso ran Alhamis, saura kwana biyu. Antinki ta karanta, na ce ta sake. Na yi fushi da ke sosai. Na fita gona na dawo na ce ta sake karanta wajen lambobin. Tara, bakwai, huɗu, ɗaya. Ban ji daɗin yadda kika fara cire ni ba.

Ran Juma'a da hantsi na hau sama ni kaɗai. Ban tafi don zama ba, kar ki ɗauka. Na tafi in duba inda za mu sa diga. Na tarar da mai madatsa a kan bakinta, ya tsufa fiye da yadda nake zato, takardar ɗansa a hannunsa. Ya dube ni ya dubi fartanyar ya ce, "Ka jingine ta a jikin bishiyar can, nan ubanka ke ajiye tasa."

Na tsaya. Ya ce, "An karanta maka taka?" Na ce an karanta. Ya ce, "To ɗana ya fasa mini madatsa, ƙanwarka ta kashe muku gida. Su sun gama faɗan a can. Mu me ya rage mana?" Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ya ce in sauka in auna ruwan da kaina. Na naɗe wando na shiga. A tsakiya iyakarsa gwiwa, sauran laka ce. Ni a raina teku suka ɓoye. In mun fasa ko dutsen wanki ba zai kai ba. Na tambaye shi me ya sa da na aika sau biyu ya ce babu. Ya ce, "Aike ka yi. Ubanka zuwa yake yi." Ya ce tun bara yake jira ya ga wanda zai hau.

Mun zauna har la'asar. Ba daɗi, mun ɗaga wa juna murya. An tsaya a kan buɗe ruwa kwana biyu a mako, Talata da Juma'a, su ma za su bar gonakinsu na gefen tudu. Ba zai ishe mu ba. Rabin albasa ta tafi. Na bar gefen Inna, da izininta.

Mutanena goma ba su ji daɗi ba. Huɗu ba sa gaishe ni. Ɗaya ya ce kwamfuta ta mayar da ni mace, Antinki ta ce a rubuta cewa ta ba shi amsa, ba sai na faɗi irinta ba. Ban sani ba ko za su haƙura har ƙarshen rani. Ni ma ban ce na haƙura har abada ba. Bana dai ban fasa ba.

Maganar Malama. Mun yi shawara da Inna. Kar a zo da na'ura wajena tukuna. Na san abin da zan ce in an tambaye ni, kuma ba na so a ajiye shi a inda ba ya gogewa. A bar Baba a kujerarsa.

Inna ta ce in ya sake tambayar yara, ki ce suna lafiya, ƙaramin ya fara tafiya. Na ce mata ba ya ji. Ta ce ki faɗa dai.

Ki gama karatunki ki dawo. Ki gaida Dogo, ba da yawa ba. Kuma Auta, ko a wasa ne, kar ki ƙara rufe wa Baba ruwa.

Yayanki